Falsafar Girka da ta Sin a Zamanin Da: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda aka buɗe hirar falsafar mutanen da, a aji ne ko a majalisa, kusan tambayoyi iri ɗaya ne ke ta dawowa. Na tattara su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu nauyi, na sa wa kowace lamba domin a iya komawa inda wata amsa ta jingina da wata.

1. Wane zamani ake nufi, kuma su wane ne mutanen?

Ana maganar ƙarnuka huɗu ne, daga wajen shekara ta 600 zuwa ta 200 kafin Miladiyya. A Girka sunaye uku suka fi fice, kuma malami da ɗalibi ne a jere: Sukurat, wanda kotun birnin Atina ta yanke wa hukuncin kisa a shekara ta 399, ɗalibinsa Aflatun, wanda ya kafa makarantar Akademiya, sai ɗalibin Aflatun, wato Aristotil, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322, ya kuma koyar da Iskandar na Makidoniya. Bayansu aka sami Sitoyikawa, ma'ana 'yan rumfa, domin a ƙarƙashin wata rumfa ta bakin kasuwar Atina shugabansu Zeno yake karantarwa.

A Sin kuwa jagoran tafiyar shi ne Konfushiyos, wanda Sinawa ke kira Kongzi. An haife shi a 551 a ƙasar Lu, yankin Shandong na yau, ya rasu a 479. Bayansa aka yi Mozi, da Mengzi, da Xunzi, da Zhuangzi, da Han Fei, ga kuma ɗan ƙaramin littafin nan Daodejing mai babi 81 da ake jingina wa Laozi. Ɓangarorin biyu duk sun taso ne a cikin ƙananan ƙasashe masu yaƙar juna, lokacin da tsohon tsari ya fara rushewa, mutane suka shiga tambayar yadda ya kamata a zauna.

2. Sun san juna? Akwai wanda ya kwaikwayi wani?

Ba su san juna ba. Konfushiyos ya rasu kimanin shekara goma kafin a haifi Sukurat, kuma babu wanda ya karanta wani. Haɗuwa ta sosai sai bayan shekara kusan dubu biyu, lokacin da Matteo Ricci, ɗan mishan daga Italiya, ya shiga Sin a farkon shekarun 1580 Miladiyya. Shi da wani malamin Sin mai suna Xu Guangqi suka fassara littattafai shida na farko na lissafin Bagirke Iklidis zuwa Sinanci a 1607. A 1687 kuma aka buga koyarwar Konfushiyos da Latin a birnin Faris. Wannan rashin sanin juna shi ne ma abin da ya sa kwatancin yake da daraja: inda suka yi daidai, kowa da ƙafarsa ya isa wurin.

3. Mene ne babban bambancin da ke tsakaninsu?

Bagirke yana tambaya: mene ne wannan abin? Basine yana tambaya: ina hanya? Sukurat zai tare janar ɗin soja ya ce ya faɗa masa ma'anar jarumtaka. Idan ya ce tsayawa ce a fagen fama ba gudu, sai Sukurat ya kawo masa mayaƙan da ke ja da baya da dabara su ci nasara, ya ce to su fa? Haka zai yi ta warware amsa bayan amsa, yana neman ma'ana guda da za ta hau kan kowane misali.

Konfushiyos bai damu da ma'ana guda ba. Almajiransa biyu sun taɓa yi masa tambaya ɗaya: idan mutum ya ji abin da ya dace, ya aikata nan take? Ya ce wa Zilu, mahaifinka da yayyenka na raye, yaya za ka aikata ba ka ji ta bakinsu ba? Ya ce wa Ran You, aikata nan take. Wani almajiri na uku ya rikice ya nemi bayani, sai malamin ya ce Ran You mai nawa ne shi ya sa na tura shi, Zilu kuwa mai garaje ne shi ya sa na ja masa linzami. Da Sukurat na wurin da ya ce malam ya yi tufka da warwara. A wurin Konfushiyos kuwa, amsar da ba ta dubi wanda ya yi tambaya ba, rabin amsa ce.

Wurin da kowa ya yi magana ya taimaka wajen wannan bambanci. A Atina mutum yana tsayawa gaban majalisar gari ko gaban masu yanke hukunci ɗaruruwa, kamar 500 ɗin da suka saurari shari'ar Sukurat, dole ya kayar da abokin hamayya da hujja. A Sin malami yana zuwa fada ne ya shawo kan sarki ɗaya, don haka ya fi dogara da misali, da tarihin sarakunan kirki na da irin su Yao da Shun, da sanin lokacin da magana za ta shiga.

4. Ke nan gaskiya ne Girkawa su ne masu hankali da hujja, Sinawa kuma tarbiyya kawai suka sani?

Wannan magana ta yaɗu, amma rabinta kuskure ne. Mabiyan Mozi sun rubuta ƙa'idojin muhawara, sun yi nazarin lissafi da haske, har sun bayyana dalilin da ya sa hoton abu ke juyewa idan haske ya ratsa ta ƙaramar kafa. Gongsun Long ya shahara da hujjarsa cewa "farin doki" da "doki" ba abu ɗaya suke nufi ba, irin wasan ƙwaƙwalwar da Girkawa ke so. Mozi kansa yana auna kowace al'ada da amfaninta ga talaka, shi ya sa ya soki jana'izar almubazzaranci da yaƙin mamaya.

Ta ɗaya ɓangaren, Aristotil da ya tsara ilimin mantiƙi, wato ƙa'idojin kafa hujja, shi ne kuma ya ce hali nagari ba a samunsa da karatu kawai. Da gini ake zama magini, da yin adalci ake zama adali. Abin da ya faru shi ne tarihi ya yi zaɓe. Makarantar Mozi ta dushe bayan daular Qin ta haɗe ƙasar a 221 kafin Miladiyya, daular Han kuma ta ɗaukaka littattafan Konfushiyos. Mantiƙin Aristotil kuwa ya sami masu riƙe shi a Bagadaza da Andalus da jami'o'in Turai. Duba tambaya ta 11.

5. Wane ne mutumin kirki a wurin Aristotil, wane ne a wurin Konfushiyos?

Nan ne suka fi kusa da juna. Aristotil ya ce kowane hali nagari yana tsakanin lalacewa biyu: jarumtaka tsakanin ragwanci da ganganci, kyauta tsakanin rowa da almubazzaranci. Wannan tsakiyar ba da ma'auni ake gano ta ba, sai da basirar da gogewa ke bayarwa. Da aka tambayi Konfushiyos wa ya fi tsakanin almajirinsa mai wuce gona da iri da wanda ba ya kai wa, sai ya ce wucewa da gazawa duk ɗaya ne.

Inda suka rabu shi ne mafari. Aristotil ya fara da mutum ɗaya da rayuwarsa, yana tambayar me zai sa a ce ta yi kyau daga farko har ƙarshe, ko da yake ya yarda ba a yin ta sai cikin jama'a da abokai. Konfushiyos ya fara da alaƙa: kai ɗan wani ne, ƙanen wani, maƙwabcin wani, kafin ka zama komai. Kalmominsa biyu su ne ren, wato mutuntaka da tausayin ɗan'uwa, da li, wato ladabi da ƙa'idojin gaisuwa, zaman makoki, karɓar baƙo. Bai ɗauki ladabi a matsayin ado ba, a ganinsa nan ne ake horar da zuciya. Amma ya san ladabi marar zuciya fanko ne. An ruwaito cewa bargar dawakinsa ta ƙone, da ya dawo daga fada sai ya tambaya ko wani ya ji rauni, bai tambayi dawaki ba.

6. Me suka ce game da asalin halin ɗan Adam, nagari ne ko mugu?

Sinawa sun yi wannan gardama a fili. Mengzi ya ce ka ɗauka ka hangi ƙaramin yaro yana rarrafe zai faɗa rijiya. Gabanka zai faɗi nan take, ba don kana neman yabo ko kusanci da iyayensa ba. Wannan faɗuwar gaban ita ce tsiron nagarta, sai dai tsiro na bukatar ban-ruwa. Xunzi ya ce a'a, mutum kamar karkataccen itace yake, sai an turara shi an matse kafin ya miƙe, kuma malami da ladabi su ne matsewar.

A littafin Aflatun kan tsarin gari, ɗan'uwansa Gilaukon ya kawo labarin makiyayin da ya tsinci zobe mai aikin layar zana. Da ya ga ba a ganinsa sai ya shiga fada ya kashe sarki ya hau gado. Tambayar ita ce: wa zai tsaya kan gaskiya idan ya tabbata ba mai ganinsa? Duk wanda ya ga abin da mutane ke rubutawa a intanet da sunan bogi ya san zoben nan yana hannun miliyoyi yanzu.

7. Idan mahaifina ya yi laifi, in rufa masa asiri ko in faɗi gaskiya? An ce duk sun taɓo wannan.

Sun taɓo, kuma a ganina babu wurin da ya fi nan nuna halin kowane ɓangare. Wani hakimi ya yi wa Konfushiyos alfahari da cewa a ƙasarsu akwai mai gaskiyar da mahaifinsa ya saci tunkiya, shi kuma ya ba da shaida a kansa. Konfushiyos ya ce mu a wurinmu uba yana rufa wa ɗa, ɗa yana rufa wa uba, kuma gaskiyar tana cikin hakan. Mengzi ya ƙara matsa lamarin: da mahaifin sarki Shun zai yi kisa fa? Ya ce alƙali zai kama shi, kuma Shun ba zai hana ba, sai dai ya yar da sarautar kamar tsohon takalmi, ya goya mahaifinsa a ɓoye ya gudu da shi bakin teku. Lura da cewa bai ce sarki ya yi amfani da kujerarsa ya kashe shari'ar ba. Kujerar ce ma zai rasa.

Aflatun ya ba da labarin Sukurat ya gamu da wani mai suna Yusifuro a ƙofar kotu, ya zo ƙarar mahaifinsa. Wani ɗan ƙwadagonsu ne ya bugu ya kashe bawan gidan, uban ya ɗaure shi hannu da ƙafa ya jefa a rami, ya aika Atina neman fatawa. Kafin ɗan aike ya dawo, yunwa da sanyi sun kashe mutumin. Dangi suna ganin ɗan ya yi abin kunya, shi kuma yana ganin ya yi aikin tsarki. Sukurat bai ce masa ya yi daidai ko kuskure ba. Ya ce tunda ka tabbata haka, koya mini mene ne tsarki. Duk ma'anar da ya kawo sai ta rushe, har ya ce yana sauri ya tafi.

Konfushiyos na tsoron al'ummar da ɗa zai zama ɗan leƙen asirin ubansa, domin idan amana ta mutu a cikin gida ba za ta rayu a kasuwa ba. Tsoron nan na da tushe. Amma tunkiya ɗaya daban, dukiyar jama'a ko ran mutum daban, kuma da wannan hujja ta "namu ne" ake binne manyan laifuffuka a ƙasashe da yawa. Shi kansa Konfushiyos ya ce ɗa ya yi wa iyaye nasiha cikin taushi idan sun kauce, kada ya daina. Musulmi mai karatu zai tuna aya ta 135 a Suratun Nisa'i, wadda ta yi umarni da tsayar da shaida don Allah ko da a kan kai ne ko iyaye da dangi. Abin da za a ɗauka daga Sin a nan shi ne yadda ake yin hakan ba tare da wulaƙanta uba ba. Tambaya ta 12 ta dawo kan wannan.

8. Wa ya cancanci mulki a ganinsu?

Aflatun bai yarda da mulkin jama'a ba, tunda mulkin ne ya kashe malaminsa. Ya kwatanta gari da jirgin ruwan da ma'aikatansa ke kokawar matuƙi alhali ba wanda ya san taurari, ya ce sai masana sun yi mulki. Wannan zargi ne ga Atina, inda ake cike yawancin muƙamai da ƙuri'ar sa'a. Aristotil ya fi sanyi: ya ga gari ya fi zama lafiya idan masu matsakaicin hali suka fi yawa, doka kuma ta fi ƙarfin mutum.

An tambayi Konfushiyos abin da mulki ke bukata, ya ce abinci, da makamai, da yardar jama'a. Idan dole a bar ɗaya, a bar makamai. Idan dole a bar na biyu, a bar abinci, domin ƙasa ba ta tsayuwa in jama'a ba su yarda da masu mulki ba. Mengzi ya ce talakawa ne mafi daraja, sarki ne mafi ƙaranci. Han Fei ya ce kada a jira sarki nagari, a kafa doka da lada da horo mai tsanani. Daular Qin ta bi wannan hanya, ta haɗe Sin, amma shekara 15 kacal ta yi. Daga baya Sin ta ɗauki jarrabawa a matsayin ƙofar shiga aikin gwamnati, tsarin da ya wuce shekara dubu yana aiki har aka soke shi a 1905. Gardamar da ake yi yau tsakanin zaɓe da cancanta jikar wannan ce.

9. Akwai abin da suke da shi na maganin damuwa da gajiyar zamani?

Akwai. Efiktetus, Basitoyiken da ya taso a bawa a daular Rum, ya ce abubuwa kashi biyu ne: waɗanda ke hannunka, kamar niyyarka da hukuncin da kake yanke wa al'amura, da waɗanda ba sa hannunka, kamar suna, da dukiya, da abin da wani zai faɗa. Ya ce ba abin da ya faru ke tayar wa mutum hankali ba, fassarar da ya yi masa ce. Albert Ellis da Aaron Beck, Amurkawan da suka assasa hanyar jinyar damuwa ta gyaran tunani a tsakiyar ƙarni na 20, duk sun ambaci Sitoyikawa a matsayin tushe.

Zhuangzi ya bi ta wata ƙofa, da labarin mahaucin sarki. Sarki ya tsaya yana kallon yadda yake fiɗar sa, wuƙa na tafiya kamar kiɗa. Mahaucin ya ce wanda bai ƙware ba yana canza wuƙa duk wata domin sara yake yi, gwani yana canzawa duk shekara domin yanka yake yi, ni kuwa tawa shekararta 19, ta gama da dubban shanu, bakinta kamar yau aka wasa. Sirrin shi ne tsakanin gaɓoɓi akwai sarari, nan yake bi. Idan ya zo wurin da jijiyoyi suka cukuikuye sai ya nutsu, ya rage sauri, ya motsa wuƙar kaɗan, naman ya zube da kansa. Wannan shi ne wu wei, aiki ba da ƙarfin tuwo ba. Masu fassara shi da zaman kashe wando sun manta mahaucin ya yi shekaru yana koyo. Wanda damuwa ta kai shi ga rashin barci ko rashin cin abinci, ya ga likita; karatun nan taimako ne, bai maye gurbin jinya ba.

10. Ba su da aibu ne?

Suna da shi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Aristotil ya ce wasu mutane bayi ne a halittarsu, ya kuma ɗauki mace ƙasa da namiji. Akwai maganar da aka jingina wa Konfushiyos mai haɗa mata da ƙananan mutane wajen wuyar sha'ani, kuma an yi ƙarnuka ana fakewa da biyayya a danne na ƙasa. Aflatun dai ya yarda mata su shiga sahun masu mulki a garin da ya zana, Ban Zhao kuma, malamar tarihi a daular Han, ta nemi a karantar da 'ya'ya mata. Sinawa da kansu sun juya wa Konfushiyos baya a ƙarni na 20, har aka lalata wurare a garinsu Qufu a 1966, kafin daga baya a dawo da martabarsa.

11. Musulmi zai iya karanta wannan? Yana da wata alaƙa da mu?

Falsafar Girka ta daɗe da shigowa gidanmu. Kalmar falsafa kanta daga Girkanci ta bi ta Larabci ta iso Hausa. A zamanin Abbasiyawa aka fassara Aristotil a Bagadaza, Al-Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd suka yi sharhi. Malamai sun yi saɓani: Imam Al-Gazali ya yi wa masu falsafa raddi mai zafi kan aƙida amma ya karɓi mantiƙi, Ibn Taimiyya kuwa ya soki mantiƙin kansa. Shehu Al-Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare mantiƙi a musayar baitoci da Imam As-Suyuɗi. Littafin Sullam na Al-Akhdari da ake karantawa a zaure, mantiƙin Aristotil ne a cikin waƙen Larabci.

A Sin ma Musulmi sun yi irin wannan aiki. Malamai kamar Wang Daiyu da Liu Zhi, a ƙarni na 17 da na 18, sun rubuta bayanin Musulunci da Sinanci suna amfani da kalmomin Konfushiyos. Shawarata ita ce mutum ya san aƙidarsa tukuna, ya karanta su a matsayin mutanen da suka yi tunani mai zurfi kan hali da zaman tare, ya bar abin da ya saɓa wa imaninsa. Konfushiyos ma ya kauce wa maganar gaibu, ya ce wanda bai iya hidimar mutane ba, ina shi ina hidimar ruhohi.

12. A aikace, ta yaya mutum zai haɗa su biyun a rayuwar yau?

Ga abin da ya faru da ni. Kawuna ya turo saƙon murya a zauren danginmu na WhatsApp, wani yana rantsuwa cewa wani jiƙo yana warkar da ciwon suga cikin mako biyu, a ajiye maganin asibiti. A zauren akwai gwaggona da ke shan maganin kullum. Tambayoyin Sukurat suka taso mini a take: wane ne mai maganar, wa aka gwada a kansa, me ake nufi da warkewa? Na rubuta su duka, yatsana na kan turawa. Sai na tuna mutum arba'in ne za su karanta, har da 'ya'yansa da surukansa, kuma dattijon da aka ƙaryata a gaban surukai ba zai janye ba, sai dai ya ƙara kafewa.

Na goge, na bari sai bayan la'asar na kira shi. Muka gaisa, na tambayi iyali da gona, sannan na ce, Kawu, saƙon nan da ka turo, ina tsoron kada Gwaggo ta ji ta ajiye maganinta, ko ka san mai maganar? Ya ce shi ma turo masa aka yi. Na ce to ko za mu bari ta tambayi likitanta tukuna? Ya yi shiru kaɗan, ya ce haka ne. Bayan sallar isha'i shi da kansa ya sake yin saƙo a zauren, ya ce kowa ya ci gaba da maganinsa har sai ya ga likita, Gwaggo kuma ta amsa masa da "To Yaya, Allah ya saka."